Wa Ke da Ikon Talaka? Jawabin da Aka Yi a Taron Gidan Rumji

Muna gai da dattawa da malamai, muna gai da iyayenmu mata da suka bar daka suka zo, da samarin da suka taso daga Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa, da baƙinmu na Agye da Gazawa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Maganar da ta tara mu yau ita ce 'yanci. Kalma ce da kowane mai neman mulki ke riƙe da ita a baka, har ta kusa zama kamar tsohon kuɗin da hannu ya shafe wa rubutu. Saboda haka muna so mu sauko da ita ƙasa, mu auna ta da mudun da kowa ya sani. Mu a ganinmu abu uku ne ke nuna ɗa: ikon jikinsa, da ikon guminsa, da ikon bakinsa. Watau kada a ɗauke shi aiki ko a ɗaure shi ba da shari'a ba, kada a tilasta shi ya sayar da abin da ya noma a kuɗin da wani ya yanka, kada kuma a hana shi faɗin abin da ke ransa. Za mu bi su ɗaya ɗaya, mu ga yadda aka yi da su a ƙasar nan tamu.

Mun sani mu jikokin mutane ne masu ƙin miƙa wuya. Gobirawa sun kafa Tsibiri wajen 1836, bayan yaƙin Gawakuke, domin ba su yarda su bi Sakkwato ba, haka kuma Katsinawan Maraɗi. Abin alfahari ne. Amma fa mu lura, 'yancin gari daban, 'yancin mutumin da ke cikin garin daban. Ana iya samun ƙasa mai tutar kanta, talakanta kuwa yana kwana da tsoro.

To, mu fara da jiki. A zamanin Faransawa akwai wata doka da suke kira andijena. Da ita kumandan ke ɗaure mutum ba alƙali ba shaida, a farkon zamanin har kwana 15, ko ya ci shi tara, don ya makara biyan lanho ko don an ce ya yi wa hukuma rashin kunya. Ga kuma aikin tilas: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin bariki, ba lada. Kumandan ba ya shiga ƙauye ya zaɓi mutane da kansa. Sarki yake aika wa, sarki ya aika wa mai gari, mai gari kuwa ya san gidan da ba ya iya taɓawa da gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ɗan mai hali ya fanshi kansa, ɗan talaka ya ɗauki sanda ya bi gardi. Shi ya sa gidaje da yawa suka kwashe suka ƙetara iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Sai a 1946 aka soke andijena, ran 11 ga Afrilu na wannan shekara kuma majalisar Faransa ta kashe aikin tilas, bisa dokar da Ufuwet Buwanyi na Kwaddibuwa ya kawo. Ba kyauta aka yi mana ba. 'Yan Afirka sun zubar da jini a yaƙin duniya na biyu, wakilansu kuma sun tsaya a Paris sun matsa.

Na biyu, gumi. Da aka saki jikin talaka, igiyar ba ta tsinke ba, wuri ta sake. Ku tambayi tsofaffi labarin gyaɗa. Da kuɗi ake biyan lanho, kuma da kaka ake karɓarsa. Manomi ba shi da hanyar kuɗi sai gyaɗa, ba shi da damar ya ajiye ta har ta yi daraja, domin mai karɓar lanho yana bakin ƙofa. Masu saye kuwa manyan kamfanonin Turawa ne, irin su CFAO da SCOA, su ke ba dillalai jari, dillalai su kafa sikeli a kasuwa. Mai sikeli shi ke aune, shi ke karantawa, shi ke lissafi. Manomin da bai shiga lakwal ba sai ya tsaya yana kallon allura tana rawa, abin da aka miƙo masa ya karɓa. Sa'an nan ya juya cikin kantin kamfanin nan ya sayi zane da gishiri da kananzir a kuɗin da su suka yanka. Kun ga hukuma ta tura shi, mai kuɗi ya tare shi. Ba lalle sai sun zauna sun ƙulla ba, bukatarsu ce ta zo ɗaya.

Bayan mulkin kai na ran 3 ga Agusta 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962, ta ba ta ikon cinikin gyaɗar ƙasa duka. Aka ce don a raba talaka da kamfanonin Turawa ne. Amma gwamnati ce ke yanka kuɗin gyaɗa, lasisin saye kuma yana faɗawa hannun masu jari da na kusa da jam'iyya mai mulki. Waɗansu alhazan Maraɗi a nan suka kafa arzikinsu. Mai tsayuwa bayan sikeli ya zama ɗan ƙasa, mai tsayuwa gabansa kuwa yana nan yadda yake. Da fari da yunwa suka zo a 1973 da 1974, sai aka tarar manomin da ya ciyar da baitulmali shekara da shekaru ba shi da damin hatsi a rumbu.

Na uku, baki. A 1956 dokar da Faransa ta yi ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. A zaɓen Maris 1957 jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wanda shi ma malamin makaranta ne tun farko, ta ci kujeru 41 cikin 60, ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Ƙarfinta yana wurin ƙananan mutane: direbobi da 'yan kamasho, maɗinka, 'yan koli, leburori, da manoman ƙasar Hausa. Amma domin ta ci zaɓen nan ta haɗa kai da jam'iyyar da sarakuna ke goyon baya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1958 Janar Degol ya kawo ƙuri'ar raba gardama: ko a ce I, a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ce A'a, a ɗauki mulkin kai nan take. Jibo Bakari ya ce A'a, kamar yadda Seku Ture ya ce a Gini. Nan da nan Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani, aka ƙaro soja, motocinsu suna zagaya ƙauyuka. Aka kira sarakuna aka tuna musu wanda ke naɗawa da tuɓewa, galibinsu suka juya wa Sawaba baya. Ran 28 ga Satumba aka jefa ƙuri'a. Masu I suka sami 372,383, masu A'a 102,395. Amma ga lissafin da ya kamata mu duba: cikin mutane fiye da 1,300,000 da aka rubuta sunansu, wajen kashi 37 cikin 100 kaɗai suka fito. Sauran sun zauna gida. Mutum yana da takardar ƙuri'a a aljihu, amma gonarsa a hannun sarki take, irin da zai shuka bashi ne, hatsin da iyalinsa ke ci da damina na mai kanti ne. Da wane baki zai ce A'a? Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

A Disamba 1958 mulki ya koma hannun Diori Hamani da jam'iyyar RDA. Ran 12 ga Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta shiga mulkin kai da jam'iyya ɗaya tak. Da aka toshe hanyar magana sai waɗansu suka ɗauki bindiga a 1964, aka murƙushe su, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kaso da mutane, har da waɗanda laifinsu bai wuce zumunta ko tsohuwar takardar jam'iyya ba. Soja suka kifar da Diori ran 15 ga Afrilu 1974, su ma ba su bar jam'iyyu ba. Sai a zamanin babban taron ƙasa na 1991 bakin mutane ya buɗe. Ƙofar kuma ba ta zauna a buɗe ba: soja sun karɓi mulki a 1996 da 1999 da 2010 da 2023, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa duka.

Abin da muka koya a nan biyu ne. Na fari, 'yancin nan uku a ɗaure suke da juna kamar duwatsun murhu, in ka janye ɗaya tukunya ta kife. Wanda ba shi da ikon guminsa ba ya riƙe ikon bakinsa. Na biyu, talakan da ya jingina 'yancinsa ga alfarmar manya ya jingina da zana. Sarakunan da suka ɗaga Sawaba a 1957 su ne suka sake ta a 1958, domin wanda ya ba su rawani ya fi ta ƙarfi.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce talaka jahili ne, in aka sakar masa mara sai ya ɓata ƙasa, gara a riƙe shi don amfanin kansa. Amsarmu tana tsaye cikin gonakinku, ku ɗaga ido ku gan ta. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, wadda gwamnatin 'yan ƙasa ta gada ta sabunta a 1974, itatuwa irin su gawo suna ƙarƙashin tsaron hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke. In ka sare reshe, mai tsaron daji ya ci ka tara. Me ya biyo baya? Manomi ya ga itace ba nasa ba ne, masifa ce ke tsiro masa a gona, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Ƙasa ta yi ƙwal, iska ta riƙa binne shuka da rairayi. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, galibi bai kama ba.

Daga wajen 1984, a nan jihar Maraɗi, aka fara abin da muke kira sassaben zamani: in ana sassabe a bar tohon kututture, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar. Amma abin da ya sa ta kama shi ne hannun hukuma ya yi sauƙi, manomi ya tabbata itacen da ya raina shi zai ci amfaninsa. Dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa wannan. Masu bincike sun ƙiyasta wajen eka miliyan 5 ta ma'aunin Faransa, watau hekta, sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba gardi ya shuka su ba. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye kuwa mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaro, maza da mata, manoma da makiyaya, suka yi dokar da ke hana saran itacen wani. Ashe 'yanci ba rashin doka ba ne. Dokar da mutane suka yi da bakinsu, suna tsaron ta ko ba bulala.

Saboda haka kada wani ya fita nan ya ce mun ce a yi gaba da hukuma ko a ƙi mai arziki. Muna bukatar gwamnati: ita ke gina lakwal da asibiti, ita ke gyaran hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, ita ya wajaba ta tsare mu daga 'yan bindigar da ke satar mutane da dabbobi a bakin iyaka. Ɗan kasuwa na gaskiya kuma albarka ne ga gari. Abin da muka ƙi shi ne a haɗa sanda da sikeli a hannu guda. Gwamnati makiyayi ce da aka ba kiwo, ba mai garke ba, dole ta komo da yamma a ƙirga. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

To, me ya rage gare mu? Ga abu huɗu da ba sai mun jira iznin kowa ba.

Na ɗaya, kowane yaro ya shiga makaranta, mace da namiji, ya iya karatu da lissafi, domin kada a sake karanta wa ɗanmu sikeli ko takardar da zai dangwala wa hannu.

Na biyu, mu riƙe gonakinmu. Gyaɗa ta ja baya, amma wake da riɗi da aya sun maye gurbinta, bashin damina kuma yana nan: a ci mudu ɗaya, da kaka a biya fiye da haka nesa. Daga bashi sai jingina, daga jingina sai sayarwa, mai gona ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa. Mata su ke fara rasa gamana in ƙasa ta yi ƙunci. In ya zama dole a yi jingina, a yi ta a rubuce gaban shaidu.

Na uku, kowace unguwa ta yi rumbun tsimi nata, a zuba da kaka, a buɗe da damina, masu riƙon mabuɗi kuwa jama'a ta zaɓe su, su riƙa ba da lissafi a fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai hatsin wata uku a ajiye ba ya sayar da bakinsa da sabulu da turmin zane.

Na huɗu, in aka taɓa haƙƙin wani kada mu tambayi ɓangarensa kafin mu yi magana. Wanda ya yi shiru don abokin hamayyarsa aka ɗaure ba shari'a, ya san igiyar nan ba ta ƙare ba, akwai saura. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jama'a, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, in ya gama ya miƙa takardar gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanni tsoronsa, ya ba talaka sawaba.