Majami'ar Wusasa: Shaidar da Ke Tsaye a Bango



Muna makarantar tauhidi aka nuna mana hoton babbar majami'ar Burgos ta ƙasar Sifen. An aza harsashinta a 1221, da dutse aka gina ta, hasumiyoyinta kamar za su taɓa gajimare. Muka yi ta mamaki. Ashe muna da tamu a kusa, ba mu kula ba.

Ina nufin Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa. An gina ta a 1929, sa'ad da mishan ta CMS ta taso daga cikin birnin Zariya, inda Dokta Walter Miller ya daɗe yana aiki. Da tubali da azara aka gina ta, aka ɗaga rufinta da baka, irin fasahar da Babban Gwani ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya. Bahaushen da ya shiga ya san gida ya shigo.

Masu cewa bangaskiyarmu kayan Turawa ce, ga amsarsu a bango. Amma ginin ƙasa yana son yaɓe. In aka yi sakaci, damina za ta cinye shi.

Saboda haka roƙona biyu ne. Kafin mu rushe tsohon ɗakin sujada domin ginin zamani, mu zauna mu yi shawara. Sa'an nan mu kai matasanmu na Unguwar Rimi Wusasa, su gani da idonsu.

Allah ya taimake mu. Amin.