Maiƙon jini da ake gado

Wanga jawabi wani ma'aikacin kiwon lafiya ne ya yi shi gaban ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata. Mun buga shi don wanda bai samu zuwa ba ya karanta, ya kuma karanta ma na kusa da shi.

 

Yau zancen gado za mu yi, gadon da ke cikin jini.

Ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, akushi ɗaya suke ci. Wan mai ƙiba ne, ga tumbi, ya kai shekara 70 yana zuwa kasuwa da ƙafa. Ƙanen siriri ne, ba ya shan taba, ba ya zaman banza. Yana da shekara 42 ya dawo daga gona, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a ɗaura ma jaki amalanke ya cika. Sai gari ya ɗauka: jifa ne aka yi masa. Har a kama sunan wata tsohuwa. Na ga gida biyu sun daina gaisawa kan irin wannan. Rai na Allah ne, amma mutuwa tana da sanadi, kuma wanga sanadi ana iya ganinsa tun da sauran lokaci.

Cikin jinin kowa akwai wani maiƙo. Lokotoro suna ce masa kolesterol. Jiki yana bukatarsa, da shi yake gina kansa. Mafi yawansa ma hanta ce ke yin sa, kaɗan ne ke shigowa ta baki. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin zancen.

In maiƙon ya yi yawa, sai ya riƙa mannewa cikin jijiyoyin jini. Masu noman rani sun san yadda laka ke taruwa cikin hanyar ruwa, har ruwa ya kasa kaiwa ga shuka. Haka jijiya ke cushewa, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi. Ran da ta zuciya ta toshe, mutum ya faɗi. In ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye.

To, wa ke yashe laka? Hanta ce. A jikinta akwai ƙananan ƙofofi masu kama maiƙo su fid da shi daga jini. Masana biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano ƙofofin nan wajen 1973, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Sun ga wasu ana haihuwarsu da rabin ƙofofin kawai ke aiki. Irin waɗannan, maiƙonsu ya ninka na mutane tun suna goye.

Hausawa suka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba kowane gado ake murna da shi ba. Kun san amosanin jini, wanda wasu ke ce ma emasi. Shi sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake kama ɗa. Wanga kuwa ɗayansu ya isa. In uba ko uwa na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Shi ya sa wa ya kuɓuta, ƙane ya kamu. A duniya, wajen mutum 1 cikin 250 yana da shi. Garin mutum 1.000 ke nan ana iya samun 4.

Akwai kuma gado mai kyau. A 2006, a birnin Dallas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun nuna cewa cikin baƙar fatar Amurka, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka, wajen 2 cikin 100 sun gaji hanta mai yawan ƙofofi. Maiƙonsu ƙasa yake, ciwon zuciya bai cika kama su ba. Amma kada wani ya koma gida ya ce shi ne. Ba a gani a goshi.

Yanzu zancen ci. Mu ma mun san jiki ba ɗaya ba ne. Yawancin Fulani da Buzaye suna shan madara ɗanya su kwana lafiya, wani cikinmu ya sha kofi guda cikinsa ya yi ta kuka. Wannan ma gado ne. Haka maiƙo yake. Wani ya rage kitse maiƙonsa ya sauka sosai, wani kaɗan ne zai sauka. Don haka ba a yi wa gari duka doka guda. Manomin da ke yini da hauya, yana samun nama sallah-sallah, ba zan hana shi ɗan man shanu cikin miya ba. Yaro ƙarami da mai shayarwa ma suna bukatar mai. Amma ɗan kasuwar da ke zaune kan buzu tun safe, kullum balangu da kayan ciki da shayi mai sukari, ga shi ubansa ya faɗi yana ɗan shekara 50, shi kam dole ya sake lale.

Wanda awo ya nuna maiƙonsa ya hau, ya rage kitsen rago, da man shanu, da man ja, da ƙwaƙwalwa, da soye-soye. Man gyaɗa ya fi masa, shi ma da ƙima. Ya riƙe gero da dawa, da wake, da kuɓewa, da zogale, da kifi in ya samu. Abin talaka ne duka, ba sai an je kanti ba. Taba kuwa ya bar ta kwata-kwata.

Sai dai in gaya muku gaskiya. Mai na gado, ko ya koma cin ganye zalla, maiƙonsa ba ya sauka yadda ake so, tunda ƙofofin ne ba su cika ba. Sai an haɗa da magani. Akwai ƙwayoyi da ake kira sitatin, masu sa hanta ta ƙara ƙofofi. Wani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya samo na farkonsu jikin fumfuna a shekarun 1970. Kullum ake sha, ba a dainawa don an ji sauƙi. Lokotoro ne ke rubutawa, kada a saya hannun mai talla. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta gaya masa tukuna.

Wa ya kamata ya je awo? Wanda uba, ko uwa, ko ɗan'uwansa ya yi ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a kafin shekara 55 ko 60. Da wanda ya ga ƙulli mai tauri a agarar dunduniya ko bayan yatsun hannu. Da matashin da farin zobe ya kewaye baƙin idonsa. Na tsoho ba komai, na mai shekara 30 abin dubawa ne.

Jini kaɗan ake ɗiba. In ƙaramar likitarku ba ta da na'urar, ku nemi takarda zuwa babban asibiti, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. In mugun maiƙon ya wuce giram 1,9 cikin litar jini, ana zaton na gado ne. Sai a kawo ƴan'uwa na ciki ɗaya, da ɗiya maza da mata, tun ba su kai shekara 10 ba. Kafin ku tafi, ku zauna da tsofaffin gida su lissafa muku wa da wa suka rasu da ƙuruciya, da yadda suka rasu. Lokotoro zai tambaya.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.