Na Zaune Bai Ga Gari Ba: Mu Fitar da Iyalinmu Su San Manchesta

Jawabin da ɗaya daga cikin iyaye mata na ƙungiya, 'yar asalin Funtuwa, ta gabatar a taron zumunci na reshen Manchesta

 



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan zaman iyali a wannan gari. An kuma gaya mini za a buga jawabin a mujallarmu, don haka zan riƙa bayyana wasu abubuwan da mu na nan muka riga muka sani, saboda 'yan'uwa na gida su ma su fahimta. Maganata ɗaya ce: fita da iyali a zaga gari yana cikin tarbiyya, kuma gidajenmu da yawa sun bar shi.

Bari mu fara da yadda yininmu yake. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Yaro zai fita makaranta da sauran duhu, ya dawo ana shirin magariba. Azahar da la'asar da magariba duk suna haɗuwa cikin awa huɗu. A watan Yuni kuwa sai lamarin ya juye, ƙarfe tara da rabi na dare ana ganin rana, har ka rasa yadda za ka kwantar da yaro. Waɗanda suka yi azumi a nan a shekarun da ya faɗo tsakiyar bazara sun san abin da ake nufi da kai azumin sama da awa 18. Agogon ma sau biyu ake juya shi a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Shi ya sa lokacinmu yake daidai da na Nijeriya a bazara, a hunturu kuma ku na gida kuna gabanmu da awa ɗaya.

A cikin wannan yanayi maigida yana aikin dare a asibiti, ko gidan kula da tsofaffi, ko rumbun kaya, ko yana tuƙin tasi. Wani ɗalibi ne mai fama da karatun digiri na uku. Uwargida ita ce mai kai yara makaranta da ɗauko su, ita ce mai girki da wanki, sau da yawa kuma ita ma tana da nata aikin. Babu kaka, babu ƙanwar miji, babu maƙwabciyar da za a aika wa yaro. Kuɗin haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin wuta da gas suna jira kowane wata, ga kuma abin da za a aika gida. Idan Asabar ta zo sai a tafi titin Wilmslow ko Cheetham Hill a sayo naman halal da shinkafa, a biya shagon kayan Afirka a nemi kuka da daddawa da manja, a kai yara Islamiyya, a dawo. Lahadi a yi barcin gajiya. Litinin a sake ɗauka.

Duk wannan neman halal ne, Allah Ya sa albarka. Amma ku duba abin da yake haifarwa. Akwai matan da suka shekara biyar a nan ba su san ko'ina ba sai hanyar makaranta da shago da gidan likita. Kaɗaici yana cin su a ɓoye, musamman a hunturu, ba sa faɗa don kar a ce sun raina ni'ima. Akwai yaran da ba sa ganin mahaifinsu sai yana barci ko yana shirin fita. Hausar da suke ji a gida ba ta wuce "tashi", "ci abinci", "kashe wayar nan", "ka yi salla?" ba. Harshen da ba a jin sa sai wajen umarni da faɗa, ta yaya yaro zai so shi? Garin kuwa makaranta da abokai ne suke nuna musu shi, da Turanci. A hankali yaro ya ɗauka duniya mai faɗi ta Turanci ce, Hausa ta kicin ce. Ranar da ya kai shekara 15 ya fara fita shi kaɗai, ya fi iyayensa sanin gari, ba kuma ya jin akwai abin da za su ƙara masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin mamaki shi ne, garin nan da muke zaune cike yake da labarinmu. Mu 'yan ƙasar auduga ne, Manchesta kuwa auduga ce ta gina ta. Ku je gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke Castlefield, shiga kyauta ne. An kafa shi a harabar tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1830, lokacin da aka haɗa Manchesta da Libaful da layin dogo. A ciki akwai injinan kaɗi da saƙa na da. Da na tsaya gabansu da 'yata, na ba ta labarin yadda kakata take gurza auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da mazari, a kai wa masaƙi ya yi ta jefa ƙoshiya. A wannan yini ta koyi kalmomin Hausa da ba za su taɓa fitowa a hirar falo ba. Da muka koma gida ita da kanta ta ce, "Umma, kira mini Hajiya in tambaye ta ko tana da mazari."

A nan Manchesta aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wato BCGA, wadda mu muka sani da Bisije. Ita ce ta kafa gidajen gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau. Lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, masu masaƙun wannan yanki sun sa rai auduga zai riƙa kwaso musu, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka karkata gare ta. A tsakiyar gari akwai ginin Royal Exchange, inda aka yi cinikin auduga har 1968. Yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma allon farashin ranar ƙarshe yana nan a sama, ana iya shiga a gani. Iyaye mata kuma, atamfar ABC 'yar Ingila da ake alfahari da ita a lefe, a Hyde ake buga ta, nan gabas da mu, kafin a mayar da aikin Akosombo a Ghana.

Wanda yake da ɗan hali ya kai yara Quarry Bank da ke Styal, kudu da gari. Masaƙa ce da aka gina a 1784, ruwan kogi ne yake juya injinanta, kuma ana biyan kuɗin shiga. A can za su ga gidan da aka ajiye marayu da 'ya'yan matalauta masu aikin awa 12 a yini. Za su kuma ji cewa audugar da ta azurta wannan yanki a wancan zamani, mafi yawanta bayi baƙar fata ne suka noma ta a Amurka. Gara yaro ya ji irin wannan tarihi yana tsaye kusa da mahaifinsa, ya yi tambaya a ba shi amsa.

A kan titin Oxford akwai gidan tarihi na Jami'ar Manchesta, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara. Shi ma kyauta ne, akwai kayan tarihin Masar da Sudan, da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya, da kwaɗi masu rai iri-iri, har da ɗakin salla. Ba nisa daga nan akwai tsohon zauren Chorlton-on-Medlock, inda aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a watan Oktoban 1945. Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta suna cikin mahalarta, kuma akwai allon tunawa a jikin ginin. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Ankara da ke cikin zauren nan, wannan naku ne. A Deansgate kuma akwai ɗakin karatu na John Rylands da aka buɗe a 1900 da dukiyar wani attajirin auduga, yana ajiye da tsofaffin littattafan Larabci da Alƙur'anai rubutun hannu.

Libaful ba ta kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. A Brougham Terrace za ku ga masallacin da Abdullahi Quilliam ya buɗe a 1889. Lauya ne Bature ɗan garin, ya musulunta a 1887, kuma ya halarci bikin buɗe masallacin Shitta-Bey a Legas a 1894. Har yanzu ana salla a wurin. Yaron da ake tambaya a makaranta ko Musulunci baƙo ne a ƙasar nan, ya kamata ya yi raka'a biyu a wannan masallaci.

Ba kullum sai tarihi ba. Lambun Heaton ya kai eka 600, jirgin cikin gari yana tsayawa a ƙofarsa, akwai awaki da sauran dabbobi da filin guje-guje. Daga tashar Piccadilly kuma, cikin minti 45 ka isa ƙauyen Edale, a tsaunukan Peak District. Wanda ya taso yana hawan duwatsun garinmu ba zai ji tsoron tsaunin Mam Tor mai tsayin mita 517 ba. Can za ka ga tumaki suna kiwo ba makiyayi, yara su yi ta tambaya, kai kuma ka samu ƙofar ba su labarin rugar Fulani da ragon layya.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu. Na farko kuɗi. Tun 2001 manyan gidajen tarihi na gwamnati suka daina karɓar kuɗin shiga. Yaro ƙasa da shekara biyar ba ya biyan kuɗin jirgin ƙasa. Akwai katin jirgi na iyali da ke rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin 100. Abinci a dafo shi daga gida, dafa-duka a kula da shayi a fulas sun wadatar. Da rashin tayi akan bar arha.

Na biyu ruwan sama da sanyi. Wanda zai jira ranar da ba ruwa a Manchesta zai daɗe yana jira. A sayi rigar ruwa da takalmi mai kyau, a fita da hantsi a dawo kafin duhu. Likitocin ƙasar nan suna ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D duk shekara saboda ƙarancin rana, to ga kuma zaman ɗaka a kai. Na uku salla. A yi alwala daga gida, a riƙe dadduma ƙarama, a duba lokuta kafin a fita. Yaron da ya ga mahaifinsa ya shimfiɗa dadduma a gefen lambu cikin natsuwa ya koyi darasin da zai riƙe har ya girma.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba, don haka zan juya ga 'yan'uwa na gida masu karanta mujallar nan. Wasu a cikinmu sun daina fita, ko sun daina tura hoto, don tsoron a ce sun samu duniya sun manta da gida. Ku yi mana adalci. Idan kun ga hoton ɗan'uwanku da iyalinsa a bakin tafki, mai yiwuwa kuɗin bas kawai ya kashe, kuma ita ce ranar hutunsa ɗaya a cikin mako biyu. Ku yi masa addu'a. Idan kun kira yaran, bayan tambayar ko sun je Old Trafford, ku tambaye su me suka gani a makon nan, da Hausa, ku yi haƙuri da gurguwar Hausarsu kada ku yi musu dariya. Dariya ɗaya tana iya rufe bakin yaro shekara guda.

Ga roƙona ga ƙungiya. Makarantun nan suna ba da hutun mako ɗaya a tsakiyar kowane zango, ga kuma dogon hutu na mako shida daga ƙarshen Yuli. Mu ware rana ɗaya a kowane hutu mu fita tare, gida biyar ko goma. Mu sa dattijo ko dattijuwa ɗaya ta riƙa yi wa yara bayani da Hausa, manyan yaran kuma su karanta mana abin da ke rubuce a allunan. Mu tuna da matan da mazajensu ke aiki ranar, da ɗaliban da suka zo kwanan nan, a biya a ɗauke su. Bayan an dawo kowane yaro ya rubuta layi biyar da Hausa, a zaɓi masu kyau a buga a mujalla don kakanninsu su gani. Ku kuma iyaye maza, da girmamawa nake roƙonku, ku bar aikin ƙarin lokaci na Asabar ɗaya a wata. Kuɗin da za ku rasa ana iya mayar da shi, shekarun ƙuruciyar yaro kuwa ba sa dawowa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a nemanmu, Ya ƙara mana zumunci tsakaninmu da na gida. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu.