Layin Waya Maras Kati: Jawabi ga Hakimai da Malamansu Game da Maniyyata

 An umurce ni in yi muku bayani a kan wani al'amari da ya shafi talakawanku masu niyyar sauke farali, watau yadda mutum zai sami intanet a wayarsa bayan ya bar ƙasar nan, ba tare da ya yi hasarar guzurinsa ba.

Kun sani wayar hannu ba ta aiki sai da layi, layin nan kuwa ɗan kati ne da a kan sa a cikinta. In alhaji ya sauka Jidda ko Madina da layin gida, kamfaninsa ba shi da turakun sadarwa a can, sai ya ari na wani kamfanin Saudiyya, a ɗora wa alhaji kuɗin aron. Wannan shi a ke kira romin, tsadarsa kuwa ta fi ta gida nesa ba kusa ba. Mutum ya kan kwanta da kuɗi a layinsa ya wayi gari ba ko kwabo, domin waya ta kan sha data da kanta ko mai ita yana barci.

To, a shekarar 2016 ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya ta fid da ƙa'idar wani irin layi wanda ba shi da kati, masu ƙera waya suna rubuta sunansa eSIM. Wani ɗan ƙanƙanen abu ne da aka dasa cikin wayar tun daga masana'anta. Mutum ya sayi layin ta intanet, a aiko masa da wani hatimi mai kusurwa huɗu, ya haska shi da kyamarar wayarsa, shi ke nan layi ya shiga. Kuɗin kuwa tun da farko a ke biya, bisa awo sananne: gigabait kaza, na kwana 7, ko 15, ko 30. In awon ya ƙare sai layin ya tsaya, ba bashi a kan kowa.

Kada a ɗauka wannan abin alatu ne. A Hajjin 2024 mahajjata sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, aka yi zafi mai tsanani, har hukumar Saudiyya ta ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301. Tantunan Mina kamarsu ɗaya, wanda ya ɓace wa ayarinsa cikin wannan rana yana cikin haɗari. In akwai data a wayarsa, yana iya aika wa jagoran ayari alamar daidai inda ya ke tsaye. Har wa yau, izinin ziyarar Rauda a Madina ta manhajar Nusuk a ke nemansa, ita kuwa ba ta aiki sai da intanet.

Amma amfanin layin nan duka ya rataya ga shirin da aka yi tun a gida. Ga abubuwa biyar da ya kamata a kiyaye.

Na farko, ba kowace waya ke karɓarsa ba. Wayoyin iPhone sun fara karɓa a 2018, manyan wayoyin Samsung suka biyo baya, amma da yawa cikin masu araha da ke hannun mutanenmu ba su karɓa. A buga *#06# a wayar. In aka ga wata doguwar lamba mai suna EID, alama ce tana karɓa. In kuwa wayar a kulle ta ke ga wani kamfanin ƙasar waje, ba za ta karɓi baƙon layi ba sai an buɗe ta.

Na biyu, a sa layin tun kafin a tafi sansanin alhazai, domin sa shi yana bukatar intanet mai ƙarfi. Galibi sau ɗaya tak hatimin ke aiki, saboda haka wanda ya goge layin daga wayarsa ya zubad da kuɗinsa.

Na uku, a karanta sharaɗin kwanaki. Wani kamfani ya kan fara ƙirga daga ranar da aka sa layin, wani kuwa sai ranar da aka sauka. Alhajinmu ya kan yi wata guda ko fiye a can, don haka na kwana 7 ba zai kai shi ko'ina ba. A kuma rage kallon bidiyo, shi ne ke cinye awo da sauri.

Na huɗu, kada a cire layin gida. A bar shi domin saƙon banki, amma a kashe datarsa, a mai da data duka kan sabon layin.

Na biyar, yawancin irin layin nan na matafiya data kaɗai gare shi, ba shi da lambar kira. Mai iya WhatsApp zai ji daɗinsa. Amma dattijon da bai san kome ba sai danna lamba ya kira, abin da ya fi masa shi ne ya sayi layi mai kati a can, na STC ko Mobily ko Zain, ya nuna fasfo a yi masa rajista.

Abin da mu ke roƙo gare ku, ranku ya daɗe, shi ne ku sanad da dagatai da masu unguwa wannan magana kafin a fara bitar alhazai. Kowane malamin gunduma ya rubuta sunayen maniyyatan ƙasarsa, ya ware waɗanda wayarsu ke karɓar layin da waɗanda tasu ba ta karɓa, sa'an nan a nemi wani yaro amintacce mai sanin waya ya taimake su a gaban idon malam. A gargaɗi jama'a su saya daga kamfanin kansa, kada su miƙa wa kowa lambar sirrin katin bankinsu, gama inda baƙon abu ya shigo, nan mazambata ke kafa tarko.

Allah ya ja zamaninku, ya kai alhazanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya. Wassalam.