Firigon allura ya yi gargaɗi, wa zai zo?

Ƴan uwana matasa, na nan Gangara da waɗanda suka taso daga Tanut da Belbeji, sannunku da hanya.

Maganata yau a kan wata ƴar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba. Da yawanku kun taɓa raka mata ko yaya zuwa rigakafin yara, amma ban ce akwai wanda ya taɓa leƙa cikin firigon da ake ajiye allurar ba. Ni ma sai bazarar bara na leƙa, ranar da na raka yayata da jaririnta wata likita a nan Damargu. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Ga yadda abin yake. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. In zafi ya yi yawa, ta shan inna da ta ƙyanda su lalace. In kuma sanyi ya wuce kima har ta daskare, irin su penta da ta tetanos su ma sun tashi aiki, kuma ido ba zai gane ba, kwalbar tana nan fes. A jikin kwalba akwai wani ɗan tambari, murabba'i cikin da'ira, wanda yake yin duhu in zafi ya daɗe yana bugunta. Tun 1996 aka fara manna shi a kan ta shan inna. Amma shi zafi kawai yake ji, bai san daskarewa ba. Shi ya sa ake saka wannan ƴar na'urar cikin firigo, tana auna sanyi dare da rana, tana riƙe lissafin kwana 30. In zafi ya haura digiri 8 har awa 10 a jere, ko sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da rabin digiri na tsawon awa ɗaya, sai ta fito da alamar gargaɗi, kuma ba mai iya goge ta. Takardar da ake cikawa safe da yamma kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ita kuwa ba ta san kunya ba.

Ranar da muka je, alamar tana nan. Na tambayi majo, na ce malam ka gani kuwa? Ya yi murmushin takaici, ya ce ai kwana uku ke nan da ya gani, ya kira sama, ya kwashe alluran ya zuba cikin akwatin sanyi da ƙanƙara. Mai gyara yana nesa, kuma ba a samu kuɗin esansi ba. Wallahi ban ga laifinsa ba. Na'ura ta yi aikinta, majo ya yi nasa, firigo kuma yana nan yadda yake. Yayata ta koma gida da yaro ba allura, a kan amalanke, cikin ranar nan da kuka sani.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da labarin sabuwar fasaha, tambayata ɗaya ce: in ta yi gargaɗi, wa aka ɗora wa wajibcin zuwa, kuma cikin kwana nawa? Yanzu har akwai irin da ke aika saƙo ta salula zuwa ga manya kai tsaye. Madalla. Amma kun san halin rezo a ƙauyukanmu, kuma saƙon da ya isa wayar mutumin da ba shi da moto, ba shi da kayan gyara, ƙarin baƙin ciki ne kawai.

Akwai inda aka gwada aka gani. A Kyuso, wani yanki mai ƙarancin ruwa a Kenya, masu bincike na jami'ar Oxford sun saka na'ura a hannun famfon tuƙa-tuƙa. Tana jin motsin hannun, tana aika saƙo, in motsi ya tsaya an san famfo ya lalace. Gyaran da a da yake cin kusan wata guda ya dawo ƙasa da kwana uku. Mutane suna jin haka sai su ce na'ura ta yi abin mamaki. A'a, ku duba da kyau: an ɗauki makaniki, an ba shi babur da kayan gyara, ana biyansa. Ban da shi, da na'urar ta yi ta aika saƙo har batir ɗinta ya mutu.

Sai maganar ƙura, wadda mu ƴan Damargu ba sai an yi mana bayaninta ba. A Banizumbu, gabas da Yamai, tun 2006 akwai na'urorin da ke auna ƙurar da ke cikin iska, tare da wasu irinsu a Mali da Senegal. Bincike ya nuna ƙura da tsananin zafi suna da alaƙa da tashin sanƙarau, domin busasshiyar iska tana raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cuta ta samu hanya. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jiharmu ta Damagaram, 18 suka rasu. To ni tambayata, a cikinku wa ya taɓa jin sakamakon awon ƙurar nan da Hausa, ko da Tamashek, ko da Fulatanci? Ni da na yi jami'a, da Faransanci da Ingilishi na karanta shi. Iskar tamu ce, huhun namu ne, lissafin kuma yana cikin kwamfutar wasu.

Kar wani ya fita nan ya ce na zagi na'ura, ko na ce a guji rigakafi. Ina! Ɗan yayata ya samu allurarsa daga baya, kuma ni na matsa aka koma. Abin da nake so shi ne mu daina tafi ranar da aka kawo kaya, mu jira ranar da kayan suka lalace.

Ga abin da za mu iya ba tare da jiran kowa ba. Kowace likita tana da kwamitin kula da ita, COGES, kuma mutanen gari ne a ciki. Mu shiga zamansu. Mu roƙi majo, cikin ladabi, ya nuna mana sau nawa na'urar ta yi gargaɗi a wata, da kwana nawa aka yi kafin mai gyara ya zo. Mu rubuta cikin kaye ɗaya, likita bayan likita. Idan wata uku ya cika mu kai wa magajin gari lokacin da ake tsara kasafin kuɗin kwamin, mu nemi a ware kuɗin esansi da na gyara da sunansu.

Kayen yana hannun ƴar uwarmu da ke bakin ƙofa. Wanda ƙauyensu ke da likita ya rubuta sunan ƙauyen kafin ya fita.