Jawabi ga Hakimai da Magatakarda a kan Mesar da Ake Sanyawa a Jijiyar Wuya

Abin da ya kawo wannan jawabi shi ne, sau da yawa talaka yakan kai ɗan'uwansa babban asibiti don a yi masa fiɗa, ya iske an cusa masa wata siririyar mesa a gefen wuya, hankalinsa ya tashi, ya komo gida yana cewa an yi wa majiyyaci abin da ba a shawarce su ba. Wurin hakimi irin wannan magana takan fara zuwa, saboda haka ya kyautu a san asalinta.

Ita wannan mesa ana zura ta cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, a wuya, ko ƙarƙashin ƙashin ƙirji na sama, ko a matsematsi. Ta nan ake ba da ruwa da jini da magunguna masu ƙarfi waɗanda ƙananan jijiyoyin hannu ba su iya ɗauka. Ba sabon abu ba ne. A 1929 wani likitan Jamus, Werner Forssmann, ya zura mesa daga hannunsa har zuwa zuciyarsa, shi da kansa. A 1953 kuma Seldinger, mutumin Suwidin, ya fito da dabarar da ake bi har yau, watau a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, sa'an nan mesa ta bi wayar.

Da can likita yakan lalubi jijiyar da yatsa da sanin ƙirar jiki. Yanzu akwai na'urar nan da ake duba cikin masu juna biyu, wadda jama'a ke kira sikanin. Da ita yake ganin jijiyoyi biyu da ke kwance kusa da juna a wuya: wadda ake nema takan lotse in an danna ta, ɗayar kuwa, mai kai jini ƙwaƙwalwa, tana harbawa, ba ta lotsewa. Tun 2002 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ba da shawara a riƙa aiki da na'urar, domin ta rage yawan suka da kuskure.

To, amma ragewa ta yi, ba ta kawar ba, nan kuwa ne likita mai gaggawa ke ruɗuwa. Na'urar ba ta nuna allura duka, sai yankin da ta haska. Likita yana iya ganin tsakiyar allura ya zaci tsininta ne, alhali tsinin ya riga ya huda bayan jijiyar ya shiga mai harbawa. In allura kaɗai ta shiga, sai a zare a danne wurin, ko da yake jini yana iya taruwa ya kumbura wuya har ya matse maƙogwaro. In kuwa mesar ce kanta ta shiga, ba a fizge ta. A wurin ake barinta sai an kira likitan fiɗar jijiyoyi, don fizgewa na iya jawo zubar jini ko shanyewar ɓarin jiki.

Har wa yau allura na iya taɓa ƙolin huhu, iska ta taru a ƙirji ta danne shi, musamman in ta ƙasan ƙashin ƙirji aka bi. Shi ya sa akan ɗauki hoton ƙirji bayan an gama. Wayar ma in ta zarce takan rikita bugun zuciya, an kuma taɓa samun inda aka manta da ita a cikin jiki. Iska kuma tana iya shiga jijiya ta bakin mesa, abin da ya sa ake kwantar da majiyyaci kansa ƙasa lokacin sawa da lokacin cirewa.

Haɗarin da ya fi shafar dangi kuwa shi ne ƙwayar cuta, don wannan na'ura ba ta ganinta ko kaɗan. Mesar ƙofa ce buɗe zuwa jini. A jihar Mishigan ta Amurka, binciken da aka buga a 2006 ya nuna ɗakunan jiyya ta musamman 103 sun rage wannan cuta da kusan kashi biyu cikin uku, ba da wani sabon magani ba, sai da wanke hannu, da rufe jiki da kyalle mai tsabta, da goge fata, da guje wa matsematsi, da cire mesa da zarar an gama bukatarta.

Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi jama'a: mai jinya kada ya taɓa mesar, kada ya kwance filastan, kada ya shafa mai ko rubutu ko garin magani a wurin, kome kyan niyyarsa. In majiyyaci ya fara zazzaɓi da rawar sanyi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko wuya ko hannu ya kumbura, a gaya wa nas nan take, ko da tsakar dare ne. Magatakarda kuma, in aka kawo musu takardar amincewa da fiɗa don su karanta wa wanda bai yi karatu ba, su karanta ta duka, har da wurin da aka ambaci haɗari, kafin ya dangwala yatsa.