Mawaƙanmu da Kuɗin Lauya: A Rubuta Tun Ana Dariya



An roƙe ni in yi magana a kan yadda mawaƙanmu za su rage kuɗin da suke kashewa wajen lauya da kotu. Ni ba lauya ba ne, fasto ne. Amma a ofishin fasto rigimar takan fara sauka, nan kuma take dawowa bayan kuɗi sun ƙare.

A wata ikilisiya da na yi hidima, kwaya ta yi faifai mai waƙa takwas. Wani saurayi ne ya rubuta biyar daga ciki. Mai situdiyo ɗan ikilisiya ne, ya karɓi rabin kuɗi, ya ce ai aikin Ubangiji ne. Zumuntar mata ta biya sauran. Ba wanda ya rubuta komai. Sai waƙa ɗaya ta yi farin jini, ana jin ta a gidajen biki, ana jin ta a waya, mai situdiyo kuma ya ɗora ta a YouTube da sunansa. Nan take waƙa ɗaya ta sami iyaye uku. Kowa ya ɗauki lauya, aka yi ta zirga-zirga zuwa babban birnin jiha, a je a ce an ɗaga shari'a, a dawo. Abin da aka kashe ya fi abin da waƙar ta kawo nesa ba kusa ba, iyali biyu kuma suka daina cin Jibin Ubangiji tare. Ni ma da laifina. Ni na ɗora hannu a kan faifan na yi addu'ar keɓewa, ban tambaya ko akwai takarda ba.

Mu Kirista muna jin nauyin takarda a tsakaninmu. In ka ce wa ɗan'uwa a rubuta, sai ya ce, "Ashe ba ka yarda da ni ba?" To, ku buɗe Irmiya sura 32. Annabin Allah ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel, ɗan'uwansa na jini, a kan shekel 17 na azurfa. Ya rubuta takarda, ya sa hannu, ya kira shaidu, ya auna kuɗin a kan ma'auni. Kofe biyu ne, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Irmiya bai fi mu rashin bangaskiya ba, Hanamel kuma bai yi fushi ba.

Yanzu ga abin da doka ta tanada, gwargwadon abin da ya shafe mu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ba ta bukatar ka biya kowa kafin waƙarka ta zama taka. Da zarar ka rubuta ta ko ka ɗauke ta a na'ura, doka ta san da kai. Haƙƙin yana nan muddin ranka, da shekara 70 bayan mutuwarka, wato har jikokinka. Saboda haka in wani ya ce ka kawo kuɗi masu yawa ya "mallaka maka" waƙarka, ka riƙe aljihunka. Hukumar haƙƙin mallaka, NCC, tana da rajista ta intanet, kuma tana da amfani a matsayin shaida, amma kai da kanka za ka iya cikawa.

Abu na biyu shi ne wanda ya kayar da mu a labarin da na ba ku. A idon doka, waƙar da aka tsara daban, faifan da aka ɗauka daban. Kalmomi da karin waƙa suna iya zama na mutum ɗaya, faifan kuma na wani. Kowanne daga cikin mutanen nan uku yana da ɗan gaskiyarsa, shi ya sa rigimar ta yi tsawo. Doka ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya tak izinin amfani da shi, ba ya tsayawa sai a rubuce. Maganar baki a bayan majami'a ba ta isa ba.

Takardar da nake nufi shafi ɗaya ce. Wa ya rubuta kalmomi, wa ya yi kari, kashi nawa kowa yake da shi. Faifan na wane ne, na kwaya, na ikilisiya, ko na mawaƙi. Mai situdiyo da makaɗa an biya su an sallame su, ko suna da rabo. Wa zai riƙe asusun YouTube. Kowa ya sa hannu kafin a kunna makirfo, fasto da dattijo ɗaya su yi shaida. Wannan lokacin kowa yana dariya, ba wanda ya san wace waƙa za ta tashi, don haka rabo ba ya wuya.

Ba na ce ku guji lauya ba. Cewa nake ku je wurinsa da wuri. Zama ɗaya da zai yi ya karanta kwantiragi kafin ka sa hannu ba ya kama ƙafar kuɗin shari'a. Ka je da takardunka a jere da tambayoyinka a rubuce, ku yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya tun farko. Ka kuma tambaye shi ko ya saba da aikin haƙƙin mallaka, domin lauyan da ya ƙware a shari'ar gona da fili zai koyi aikin ne da kuɗinka. Kada kuma ka bar lauyan kamfanin da zai ɗauke ka ya zama shi ne mai fassara maka takardar.

Mu ƙananan ikilisiyoyi ne, kwaya ɗaya ba za ta iya riƙe lauya ba. Amma in ikilisiya goma suka haɗa hannu, za a biya lauya ɗaya sau ɗaya ya tsara mana takardar rabo da takardar situdiyo, da Hausa da Turanci, kowa ya riƙa cike sunaye kawai. Muna da 'ya'ya lauyoyi a zumuntarmu. Mu biya su kuwa, kada mu sake cewa aikin Ubangiji ne.

Wani abu a gefe. Fassara waƙar wani zuwa Hausa ba ta mai da ita taka. Tsofaffin waƙoƙi irin na Fanny Crosby, wadda ta rasu a 1915, wa'adinsu ya wuce. Sababbin waƙoƙin sujada na Amurka da na Legas kuwa suna da masu su, sai da izini kafin ka sayar.

In rigima ta riga ta tashi fa? Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce take yin ta, ba kotun da ke kusa da gida ba, saboda haka kuɗin mota da masauki ma kaɗai sun isa su karya mutum. Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a sura 6 ta wasiƙarsa ta fari a kan kai juna ƙara, ya tambaye su ko ba mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai raba gardama. Ubangijinmu ya ba mu matakai a Matiyu 18. Gwamnati ma ta gane haka: an buɗe zauren sulhu na kotu a Legas a 2002, Abuja da Kano suka biyo baya, a 2023 kuma aka yi sabuwar dokar sulhu da sasanci. Sai a sa layi ɗaya a takardarmu cewa duk saɓani za a fara kai shi gaban masu sulhu.

Amma iyayena dattawa, ku ji wannan. Kada mu ɗauki ayar Bulus mu toshe bakin yaron da aka cuta. A Nehemiya 13, da aka hana mawaƙan Haikali rabonsu, kowa ya koma gonarsa, shugabanni kuma Nehemiya ya tuhuma. In sulhunmu kullum "yi haƙuri" ne ga ƙarami, yaranmu za su tafi kotu, ba kuwa zan ga laifinsu ba.

Roƙona shi ne kafin taronmu na gaba kowace kwaya ta kawo jerin waƙoƙin da ta riga ta ɗauka, da sunan wanda ya rubuta kowacce, a ba sakatare. Da su za mu fara. Bari mu yi addu'a.